Hayaƙin da Ke Dawowa Ɗaki: Tarihin Murhu Daga Duwatsu Uku Zuwa Yau

Duk wanda ya san gidajen kwarin Rima na dauri, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, ya san cewa ba a yi wa madafi ƙofa mai rufewa ba. Murhun duwatsu uku a tsakar gida yake, ko a ƙarƙashin rumfa, ko cikin ɗakin jinka da hayaƙi ke ratsa ciyawarsa ya fice. Iska na shigar wuta ta kowace kusurwa. Wannan murhu yana cin itace kamar ba gobe, domin mafi yawan zafinsa a sarari yake watsewa, amma yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: hayaƙinsa ba ya taruwa a wuri guda.

Kakanninmu ma sun mai da hayaƙin bawansu. Da shi Kabawa masunta ke yin bandar kifi don ya jure tafiya zuwa kasuwanni masu nisa. Da shi ake kare jinka daga gara, a kuma rataye zangarniyar iri a saman murhu don ƙwari su ƙyale ta. Sai dai mata da 'ya'yan da ke goye a bayansu su ne suka biya kuɗin wannan hikima da idanunsu da huhunsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Abin da ya sa hukumomi suka fara waiwayar murhu shi ne fari. Bayan bala'in da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, aka shiga fargabar ƙarewar itace da kwararowar hamada. A Nijar aka yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi a shekarun 1980. A Sakkwato, wadda Birnin Kebbi da Argungu ke ƙarƙashin jiharta kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Cibiyar Binciken Makamashi ta jami'ar da ke garin ta ƙera nata samfuran. Dabarar ɗaya ce: a kewaye wuta da laka ko ƙarfe, a tattara zafinta a gindin tukunya. A shekarun 1990, da kananzir ya yi wuya, talakawa suka koma ga murhun garin katako da aka laƙaba wa sunan Abacha. A 2014 kuwa gwamnatin tarayya ta amince da kashe naira biliyan 9.2 don sayo murhunan zamani 750,000, shirin da ya ƙare cikin ce-ce-ku-ce.

A nan ne tarihinmu ya haɗu da na ƙasashen sanyi, waɗanda suka riga mu kulle wuta a cikin akwati. A wajajen 1742 Benjamin Franklin na Amurka ya ƙera murhun ɗumama ɗaki wanda ke tilasta wa hayaƙi ya fara gangarawa ƙasa kafin ya hau bututu. In bututun bai yi zafi ba, hayaƙin sai ya ƙi tafiya, ya cika ɗaki. Bayan tashin farashin man fetur a 1973, Amurkawa da yawa suka koma ga itace, suka sayi murhunan ƙarfe masu toshewa ruf don itace ya daɗe yana ci. Sakamakon shi ne wuta mai turnuƙewa, da kunkunniya mai danƙo da ke kama wuta a cikin bututu, da garuruwan da hayaƙi ya lulluɓe. A 1988 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta kafa ƙa'idar yawan hayaƙin da murhu zai fitar.

Ɗaya daga cikin amsoshin da masana suka bayar sun aro shi ne daga salansar mota. Ana sanya wani faifan tangaran mai huje-huje kamar saƙar zuma, wanda aka shafe da ƙarfe mai daraja irin su falatinam, a kan hanyar hayaƙi. Hayaƙi dai makamashi ne da bai gama ƙonewa ba. A bisa al'ada yana buƙatar zafin kusan digiri 600 a ma'aunin Salshiyos kafin ya kama, amma in ya ratsa wannan faifai yana kamawa tun daga wajen digiri 260. Itace kaɗan, zafi mai yawa.

Duk da haka tsohuwar matsalar Franklin ba ta mutu ba. Idan aka cika murhu da itace a kan garwashi mai zafi, aka kuma rufe mashigar iska da gaggawa, harshen wuta sai ya mutu alhali itacen na ci gaba da fitar da iska mai kamawa. Tana taruwa a cikin akwatin. Da zarar 'yar iska ta kutsa, sai ta kama baki ɗaya, ta yi bul, ta feso hayaƙi da toka ta kowace kafa zuwa cikin ɗaki. Maganin da masu irin wannan murhu suka koya bai fi a ƙirga da yatsu ba: busasshen itace kawai, a bar wuta ta kama sosai kafin a karkatar da hayaƙi ta cikin faifan, a rage iska sannu a hankali, ana barin ɗan harshen wuta, a buɗe hanyar da hayaƙi ke bi kai tsaye zuwa bututu kafin a buɗe ƙofar murhu, a riƙa share bututun, kada a jefa roba ko katako mai fenti.

Mai karatu a Gesse zai iya cewa ina ruwansa da murhun ƙasashen ƙanƙara. Ruwansa kuwa babba ne. Gidajen wannan unguwa na bulo ne da silin da tagogin gilashi, an gina kicin ɗinsu ne don risho da gas. Da farashin gas da kananzir ya yi tashin gwauron zabo a 'yan shekarun nan, kurfoti da gawayi suka koma gidaje da dama, suka shiga ɗakunan da ba su da kafar jinka ko ɗaya. Gawayi ya fi itace haɗari ta fuska ɗaya: hayaƙin itace yana sa hawaye, ya kori mutum waje, amma garwashin da ke ci a ƙarancin iska yana fitar da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Alamunta ciwon kai ne da jiri da kasala, sai barcin da ba a tashi. Lokacin hunturu, da ake shigar da kaskon wuta ɗaki a ja ƙofa, shi ne lokacinta.

Saboda haka duk wanda zai sayi sabon murhu, ko na laka ne ko na maƙera ko na kamfani, ya yi tambaya biyu kafin ya tambayi farashi: ta ina iska za ta shiga, ta ina hayaƙi zai fita? Girki da gawayi a yi shi a tsakar gida ko inda taga ke buɗe. Kaskon ɗumi kuwa a fitar da shi waje kafin a kwanta. Wanda ya ji kansa na sarawa kusa da garwashi ya fita iska nan take, ya fitar da yara, a garzaya asibiti.