Daga Gawayin Maƙeran Gaya zuwa Kasuwar Hayaƙi

Riwayar da ta shahara a kan kafuwar Kano ta nuna cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka fara zama a gindin Dutsen Dala domin neman tama. Narka tama kuwa sai da gawayi, gawayi kuma sai an kayar da itace, musamman ƙirya wadda garwashinta ke daɗewa. Ke nan tun asali sana'ar da ta ɗaga sunan Gaya ta dogara ne a kan dajin da yake na kowa, kuma tilas a sami mai cewa wane ya sara nan, wane ya bar can. A ƙasar Hausa wannan iko yana hannun masu unguwanni da dagatai da hakimai. Bayan zuwan Turawa aka mayar da shi takarda: Dokar Daji ta 1916 da ta 1937 suka ba En'e ikon keɓe gandun daji, sai ya zama talaka ba ya saran wasu itatuwa sai da izinin malamin daji, ko da kuwa a gonarsa suke.

Abin da ake kira cinikin hayaƙi a yau ya tashi ne daga irin wannan tunani, sai dai sararin sama ne ya maye gurbin daji. Hukuma takan ƙayyade jimlar hayaƙin da za a yarda masana'antu su fitar a shekara, ta yanka jimlar zuwa takardun izini, kowace takarda tan ɗaya. Wanda ya rage hayaƙinsa ya sayar da rarar, wanda ya zarce ya saya. Amurka ce ta fara gwada shi sosai da dokar 1990, a kan hayaƙin farar wuta na tashoshin lantarki. Tarayyar Turai ta buɗe nata a 2005 a kan iskar kabon.

Wahalar duka tana wajen rabon farko. Turai ta zaɓi ta ba kamfanoni takardun kyauta, gwargwadon hayaƙin da kowannensu ya saba fitarwa, wato wanda ya fi ɓarna jiya shi ya fi samun rabo yau. Kowace ƙasa kuma ta ja wa masana'antunta, har takardun suka fi hayaƙin yawa. Da alƙaluma suka fito a watan Afrilu na 2006, farashin da ya kai kusan yuro 30 ya karye cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2007 takardar ta zama kamar ba ta da daraja. Abin takaici shi ne kamfanonin lantarki sun riga sun ɗora kuɗin takardun da ba su saya ba a kan masu biyan kuɗin wuta. Sai daga 2013 aka tilasta wa yawancinsu saye ta hanyar gwanjo.

Nijeriya ma ta ɗanɗana irin wannan, ko da yake ba da sunan kasuwa ba. Dokar soja ta 1979 ta hana kamfanonin mai ƙona iskar gas daga 1 ga Janairu 1984, amma ta bar wa minista ikon ba da takardar ci gaba da ƙonawa. Tarar da aka sa daga baya kwabo 2 ce kacal a kan ƙafa dubu ta gas, saboda haka biyan tara ya fi gyara araha. A watan Nuwamba na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa ta wannan fanni, ta kuma tanadi ƙayyade kasafin hayaƙi.

To, ina rabon manomin Ajingi a ciki? Idan aka bi ma'aunin Turai na 2005, ba shi da komai, domin bai da tarihin hayaƙin da za a auna. Abin da yake da shi itatuwa ne, gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, waɗanda ke shanye iskar da wasu suka fitar. Binciken Michael Mortimore da abokansa a karkarar Kano ya nuna cewa manoma na kiyaye itatuwan gonakinsu duk da cunkoson jama'a. Amma Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da haƙƙin zama a karkara, alhali a al'ada itacen da ke gona kan zama na wanda ya dasa shi ko magadansa, ko da gonar ta koma hannun wani ta aro ko jingina. Duk wanda zai biya kuɗin iskar da gawo ya shanye, sai ya fara sanin wa zai miƙa wa.

Jamhuriyar Nijar ta taɓa warware makamancin wannan ƙulli. Dokarta ta 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda ake yanka wa kowane ƙauye adadin itacen da zai sara a shekara daga dajinsa, kamar yadda aka yi a Baban Rafi kusa da Maraɗi. Izinin ya fita daga hannun dillalan birni masu manyan motoci ya koma ga ƙungiyar mutanen ƙauyen, kuma wani kaso na harajin itacen yana tsayawa a wurinsu.