Kabanci: Wasan Ruwan Da Asalinsa Dabarar Tsira Ce

Yau tarihi zai kai mu cikin ruwa.

Na san da yawanku kun ci karo da bidiyon ɗan siririn jirgin nan kayak a TikTok. Mutum ya kife da gangan ya juyo, ko ya tsayar da jirgin a kan hancinsa. To, asalin abin ba wasa ba ne. Mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara ne suka ƙera shi da fata don farauta. Ruwansu sanyinsa kisa yake, wanda ya kife bai iya juyowa ba sai dai gawarsa. Daga baya Turawa suka mai da tseren jirgin gasa, har ya shiga Olamfik ta Balin a 1936.

Mu ma fa muna da namu, sunansa Kabanci, wasan ruwan Kabawa, jikokin daular Kanta. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Aka tarbe shi da su, daga nan bikin kamun kifi ya kafu. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya.

Kifin Matan Fada kowa ke magana, amma ni Kabanci ya fi ɗaukar hankalina: tseren kwale-kwale, nutso, kamun agwagwar daji, kamun kifi da hannu. Ka lura da matuƙin da ke tsaye cikin jirgi. Gwiwarsa a sake take, ƙugunsa ke bin motsin ruwa, nauyinsa na tsakiya, idonsa na gaba. Mai tsoro kuwa sandarewa yake, ya ruga gefe guda, jirgi ya bi shi. Ɗan Kabi tun yana yaro yake koyon wannan, a ruwa marar zurfi, gaban manya.

Me ya shafe mu, mu 'yan Tafashiya da Kankiya da Kusada da ba mu da gulbi irin nasu? Ai muna da kududdufai da damina, ga madatsar Zobe a Dutsin-ma, kuma tafiya na kai mu bakin ruwa. Ku tuna Bagwai a Nuwamban 2021: jirgi ya kife, mutum sama da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu.

Shi ya sa nake kira, samari mu koyi iyo wurin gwanaye, kada wanda ya gwada shi kaɗai. In an yi wa jirgi lodi fiye da kima, ka haƙura ka jira na gaba. In akwai rigar kariya, ka sa. Rigakafi ya fi magani.

Wa ya taɓa kallon Kabanci ido da ido? Ku ba mu labari. Sai mako na gaba, in Allah Ya kai mu.