Sa Ido Kan Iftila'i a Yammacin Zamfara: Nazari Daga Gubar Dalma Zuwa Ambaliyar Gummi

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna cikin zagayen da suka saba yi lokacin zafi a arewa maso yammacin Najeriya, na bibiyar ɓullar sanƙarau. Cikin wannan zagaye ne labari ya iske su cewa ƙananan yara na ta mutuwa a wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya shiga jijjiga, ya suma, kafin a ankara rai ya yi halinsa. An gwada maganin zazzaɓin cizon sauro, an gwada na sanƙarau, mutuwar ba ta lafa ba. Sai da aka aika jinin wasu yara Turai sannan aka gano gubar dalma ce.

Masu aikin jinƙai kan kawo wannan labari a matsayin nasarar sa ido, kuma suna da hujja, don ba don wannan zagaye ba Allah kaɗai ya san kaburbura nawa za a ƙara haƙawa. Amma wanda ya bi lokutan a tsanake zai ga wani abu daban. A watan Mayun shekarar, jami'an hukumar CDC ta Amurka da takwarorinsu na Najeriya sun bi gida-gida a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, sun tarar 118 sun rasu a wata 12 da suka gabata, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Kowane ɗayansu an yi masa wanka da sutura, liman ya sallace shi, maza sun raka shi makabarta, mata sun yi zaman makoki. Gari dai ya sani, hukuma ce ba ta sani ba. Abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne, a wannan yanki labarin iftila'i yakan karaɗe ƙauye tun kafin ya shiga takarda, kuma a tsakanin ƙauye da takarda, sannan tsakanin takarda da isowar ɗauki, ake asarar mafi yawan rayuka.

Wani zai ce ai gubar dalma ba bala'i ba ne daga Allah kamar ambaliya ko fari, hannun mutum ne ya jawo ta. Rabewar ba ta da amfani sosai a nan. Dalmar tana cikin duwatsun yankin tun fil'azal. Abin da ya fito da ita shi ne tashin farashin zinariya a kasuwar duniya, wanda ya haura dala 1,000 kan kowace oza a ƙarshen 2009, a daidai lokacin da noman gero da dawa bai iya riƙe gida shekara. Haka ruwan gulbi ma, da kansa ba iftila'i ba ne sai ya tarar da gidan ƙasa a kan hanyarsa.

Yadda gubar ta shiga gidaje shi ya bayyana dalilin da ya sa ta fi cin yara. Maza kan ɗauko dutsen daga ramin haƙa su kawo gari a buhu. A farfasa shi, mata su daka a turmi cikin tsakar gida, ko a kai injin niƙa, wani lokaci injin da ake niƙa hatsi da shi, sannan a wanke a shanya. Aikin duk a bushe ake yin mafi yawansa, saboda haka ƙura ta bi ɗaki, ta bi tabarma, ta sauka kan kwanon tuwo. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma cikinsa ya fi na babba saurin tsotse dalma. Ma'aunin da Amurka ke aiki da shi a lokacin ga ƙasar da yara ke wasa a kai shi ne kashi 400 cikin miliyan. A wasu wuraren sarrafa dutsen an samu sama da 100,000. Cikin yaran da aka gwada jininsu a Dareta da 'Yargalma, kashi 97 cikin 100 sun kai ko sun wuce maikirogiram 45 a desilita, matakin da ake fara maganin fitar da guba. Na'urar gwajin hannu da aka zo da ita ba ta karanta sama da 65, kuma jinin yara da yawa ya fi ƙarfinta. An ƙiyasta yara kusan 400 ne suka mutu.

Akwai wata alama da ta riga duk wannan. Da masu bincike suka zauna da mutanen gari, an shaida masu cewa tun farkon shekarar agwagi suka fara ɓacewa. Agwagwa na kiwo a kududdufi da bakin tafki, inda ake wanke garin dutse, don haka ita ta fara kwasar gubar. Mutane sun lura, amma ba wanda aikinsa ne ya ji irin wannan labari, kuma babu takardar rahoton cututtuka da ke da gurbin mutuwar agwagi. Tsarin sa ido kan cututtuka na ƙasa ya ajiye jami'i a kowace ƙaramar hukuma, sai dai jami'in nan da rajistar asibiti yake aiki, kuma jerin cututtukan da aka san su yake nema: sanƙarau, kwalara, ƙyanda, shan-inna. Yaron da ya rasu a gida da safe aka binne shi kafin azahar bai shiga rajistar kowa ba. Rajistar mutuwa a karkara kusan babu ita, kuma ƙidayar jama'a ta ƙarshe tun 2006 aka yi ta, saboda haka ko yawan mutanen da za a auna mace-macen da su hasashe ne.

Ba za a ɗora komai kan hukuma ba. An ruwaito cewa da farko wasu mazauna sun yi ta rage adadin mamata ko musanta cewa ana niƙa dutse a gida, don tsoron kada a hana haƙar da ita ce abincinsu. Wannan tsoro ba na jahilci ba ne. Mutumin da ya san faɗin gaskiya zai iya raba shi da sana'arsa, ba tare da an ba shi wata ba, zai yi shiru. Daga baya kuwa, a Afrilun 2019, gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, ba a ɗage haramcin ba sai Disambar 2024. A ganina haramci irin wannan, ko me ya amfanar ta fuskar tsaro, ya cutar da sa ido, domin sana'ar da aka kora daji ba mai iya zuwa ya auna ƙurarta, balle ya koya wa masu ita niƙa da ruwa da wanke jiki kafin komawa gida.

Garin Bagega shi ne misalin tazara ta biyu, wato tsakanin takarda da isowar ɗauki. Maganin fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke ɗauke da guba, don haka sai an fara kankare ƙasar saman gida da ta titi, a kwashe a binne nesa, a zuba sabuwa. Cibiyar Blacksmith da kamfanin TerraGraphics, tare da ma'aikatan jiha, sun yi wannan aiki a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da farkon 2011: Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma kuma ita ce cibiyar sarrafa dutsen, ta rage. An auna ƙasarta, an san yara kusan 1,500 ke jiran magani, babu abin da ya rage a sani. A Mayun 2012 aka yi taro a Abuja, gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin Naira miliyan 850. Kuɗin ba su fito ba sai ƙarshen Janairun 2013, bayan matsin lamba daga MSF da Human Rights Watch da kuma gangamin ceto Bagega da matasan Follow The Money suka yi a kafafen sada zumunta. Shekara kusan uku yaran Bagega suka yi a matsayin alƙaluma cikakku a hannun kowa, suna wasa a ƙasar da aka riga aka san abin da ke cikinta. Duk da haka aikin ya yi albarka a ƙarshe: MSF ta gwada yara sama da 8,000, sama da 3,500 sun sha maganin, kuma a 2022 ta miƙa shirin ga hukumomin jiha.

Ambaliya, ba kamar guba ba, tana da hukumomin da ke hasashenta. Duk farkon shekara NiMet na fitar da hasashen damina, NIHSA kuma ta fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha su ke da alhakin shiri da ɗauki. Sai dai hasashen da ya tsaya a sunan ƙaramar hukuma bai gaya wa magidanci a unguwar da ke gangare ko ya kwashe iyalinsa daren nan ba, kuma bai ce masa ina zai kai su ba. A watan Agustan 2024 ruwa ya ci garin Gummi da kewaye. Gwamna Dauda Lawal ya je jaje, kuma alƙaluman gwamnati sun nuna gidaje sama da 10,000 abin ya shafa.

Ƙidayar gidaje ita ce mafi sauƙi, shi ya sa ita ake fara yi, sau da yawa kuma a nan ake tsayawa. Amma Agusta ita ce tsakiyar lokacin da hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba. Rumbun da ya jiƙe, shinkafar fadama da ta nutse, rijiyar da ruwan masai ya shiga, waɗannan ba sa bayyana ranar da ake rabon tabarmi da buhunan shinkafa. Sukan fito bayan makonni, a ɗakin yara masu tamowa, ko cikin masu amai da gudawa, sai a rubuta su a wata rajistar daban kamar ba su da alaƙa da ruwan. A tsakiyar Satumbar 2024, kwale-kwalen da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu a ƙetaren gulbi ya kife kusa da Gummi. Rahotanni sun saɓa kan mamatan, wasu sun ce sama da 40, wasu sama da 60. Wani jami'in yankin ya shaida wa 'yan jarida cewa ɗaruruwan manoma ke haye ruwan kullum da jirage biyu kacal. An ɗauki wannan a matsayin haɗarin jirgin ruwa. Ni ina ganin ci gaban damina ɗaya ce da ambaliyar, domin gulbin da ya cika da manomin da ba zai iya barin abin da ya rage masa a gona ba su suka cika jirgin.

A kan duk wannan sai ga rashin tsaro ya zo ya rufe ido. Ƙauyuka da yawa a yankin, ma'aikacin lafiya ba ya kai masu ziyara cikin kwanciyar hankali. Mutane da yawa sun gudo Anka, wasu suka fake a ginin sabuwar fadar sarki da ba a kammala ba. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a jihar, a wasu sassa har kusan wata uku, kuma a shekarar da kwalara ta yi wa Najeriya mummunar ɓarna. A Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mazauna suka ce mamata sun kai 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Inda za a saɓa haka kan gawarwaki, ana iya hasashen yadda ƙidayar gonaki da rumbuna za ta kasance. Hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta faɗaɗa aikinta na bibiyar 'yan gudun hijira zuwa arewa maso yamma a 2019, kuma rahotanninta na da amfani, amma a wuraren da ba a shiga dogaronta na kan abin da shugabannin al'umma suka faɗa. Ga shi kuma shekara da shekaru shirin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya ya taƙaita ga Borno, Adamawa da Yobe, abin da MSF ta sha kokawa a kai. Inda ba a ware kuɗin agaji ba, ba a cika tura masu aunawa ba, inda kuma ba a auna ba, babu hujjar neman kuɗin.

Najeriya ta riga ta gwada hanyar da ta dace. Yaƙi da shan-inna, wanda ya kai ga tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji a 2020, bai tsaya ga asibiti ba. Ya jawo sarakuna, masu maganin gargajiya, masu ɗori da ungozomomi, aka ce duk wanda ya ga yaro ya shanye ya sanar, kuma idan ya sanar ana zuwa. Wannan zuwan shi ya sa mutane suka ci gaba da sanarwa. Irin wannan ake bukata a yammacin Zamfara: littafi a hannun dagaci ko liman da ake rubuta kowace jana'izar yaro, sanda mai alama a bakin gulbi da wani ke dubawa safe da yamma a damina, da lambar da za a kira idan yara uku sun mutu da alama ɗaya a mako guda ko dabbobi sun fara faɗuwa. Dole a yi shi da hattara, don a ƙasar da zargin zama infoma ke iya kashe mutum, ba a ɗora wa ɗan gari aikin kai rahoto ba tare da inuwar masarauta ba. Masarautun Anka, Bukkuyum da Gummi da ƙananan hukumominsu uku suna da ikon fara wannan da kuɗi kaɗan, ba sai sun jira Abuja ko wata ƙungiyar waje ba, kuma ya kamata su fara kafin damina mai zuwa.