Rufe Gadar Gaya da Horar da Ma'aikatan Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Tsakure

Maƙalar ta duba gudummawar ilimin halayyar ɗan'adam a cikin jama'a ga horon ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa a lokacin da al'umma ta shiga ruɗani. An ɗauki garin Gaya na jihar Dosso a Nijar a matsayin misali.

Gabatarwa

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, wadda kayan tashar jiragen ruwan Kwatano ke bi, manyan motoci suka yi cirko-cirko. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Nijeriya ta buɗe a watan Maris, amma Nijar ta bar gadar a rufe, jama'a suka ci gaba da ƙetare kogin Isa a kwale-kwale.

Ra'in Bincike

A 1979 Henri Tajfel da John Turner suka gabatar da ra'in cewa mutum na auna darajar kansa da rukunin da yake ciki. Ɗan dako ko ɗan kamasho da tasha ta mutu masa saboda rufe gadar, kuɗin cefane ya tafi, rufin asiri ya bi baya, muryarsa a fadar abokai ta dusashe. Idan ya je asibiti kuwa, ciwon kai da rashin barci zai ambata, ko ya ce tunani ya yi masa yawa. Ma'aikacin da aka koya wa duba jiki kaɗai, ƙwayar ciwon kai zai ba shi ya sallame shi.

Abin da Horon ke Buƙata

Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 yana koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gano ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali. A Gaya sai an ƙara koya musu tambayar wa ke ciyar da gidan, wa ke bin majinyaci bashi, wa yake zama da shi da yamma. Sai kuma su san nauyin kalmar “mahaukaci”, wadda kan hana aure, ta sa iyali fara zuwa wajen malami ko ɗan bori.

Akwai abin koyi a kusa. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta a Nijeriya, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya.

Kammalawa

Maƙalar na kira ga ma'aikatar lafiya da Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai su sa ilimin halayyar ɗan'adam a cikin jama'a a manhajar horo, a riƙa gwajin hira da majinyaci da Dandanci, Zabarmanci, Hausa da Fulatanci, a kuma gayyaci limamai da shugabannin tasha zuwa zaman horon.