Aron Iko da Mallakar Iko: Muhawarar Tarayya da Mulkin Bai-ɗaya a Ma'aunin Ƙasar Rano

Tsakure

Wannan maƙala ta duba daɗaɗɗiyar muhawarar tsarin tarayya da tsarin mulkin bai-ɗaya daga ƙasar Rano da Kibiya, a kudancin Jihar Kano, inda garuruwa irin su Zinyau suke. Da'awarta ita ce, Nijeriya tarayya ce tsakanin Abuja da jihohi, amma daga fadar gwamna zuwa ƙofar mai unguwa mulkin bai-ɗaya ake yi, domin duk ikon da aka sauke ƙasa da jiha aro ne, mai shi yana karɓe abinsa ran da ya ga dama. An kafa hujja da tarihin tsarin mulki daga 1946, da abin da ya sami sarautar Rano tsakanin 1981 da 2024.

Tafwili da haƙƙi

Tun kafin Turawa su zo mana da kalmominsu, malaman siyasar shari'a sun riga sun tsefe wannan mas'ala, domin Imamu Mawardi, a cikin Ahkamus Sulɗaniyya, ya bambanta wazirin tafwili, wanda aka sakar wa al'amura ya zartar da ijtihadinsa, da wazirin tanfizi, wanda iyakarsa isar da umarni. Kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, lokacin da ya zauna a Kano, ya wallafa Liya'ul Hukkami saboda jama'ar da suka nemi ya bayyana musu yadda ake riƙon mutane. Amma ko wazirin tafwili, duk faɗin ikonsa, wakili ne, wanda ya naɗa shi yana iya tuɓe shi. Haka nan abin da Birtaniya ta yi a 1998, da ta sakar wa yankin Sikotilan majalisarsa, tafwili ne, tunda majalisar Landan ce ta bayar, kuma a ƙa'idar shari'arsu ita ce ke da kalmar ƙarshe. Tarayya kuwa wani abu ne daban: iko ne da kundin tsarin mulki ya raba tsakanin hukumomi biyu, ta yadda babu wadda za ta iya soke rabon ɗayar ita kaɗai. Saboda haka ma'aunin da za mu riƙe a nan tambaya biyu ce: wa ke iya karɓe ikon, kuma wa ke riƙe da makullin baitulmali?

Yadda Arewa ta zaɓi tarayya

Tsarin Gwamna Richards na 1946 shi ya kasa ƙasar yankuna uku. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka tsaya kai da fata sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, aka kuwa ba su. Sa'an nan a 1953, bayan da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya ƙi amincewa da ƙayyade shekara, aka yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko, tarzoma ta tashi a Kano cikin watan Mayu, majalisun Arewa suka fito da shawarwari takwas waɗanda, da an bi su, da ba abin da zai saura a tsakiya sai tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da kwastan da makamantansu. Daga wannan dambarwa aka haifi tsarin tarayya na 1954.

Sau ɗaya tak aka gwada mulkin bai-ɗaya da sunansa. Ran 24 ga Mayu 1966 Janar Aguiyi-Ironsi ya kafa doka ta 34, wadda ta rushe yankuna, ta mayar da su gungun larduna, ta kuma haɗe aikin gwamnati wuri guda. Ba a yi mako ba garuruwan Arewa suka kama da wuta, kalmar "a raba" tana bakin jama'a, aka zubar da jinin bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, kuma bayan juyin mulkin 29 ga Yuli Yakubu Gowon ya soke dokar. Sai dai abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi shi ne, sojan da ya mayar da sunan tarayya shi ne ya zare mata laka a hankali, domin jihohi goma sha biyu na 27 ga Mayu 1967, waɗanda suka zama 36 a 1996, kowace ta fi yankin da ta fito daga cikinsa rauni, kuɗin man fetur kuma ya tattaru a tsakiya, har ya zamanto a rabon arzikin ƙasa gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Ko madatsar ruwan Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina a farkon shekarun 1970, wadda ruwanta ke shayar da gonakin Kura da Bunkure, ta koma hannun hukumar tarayya mai kula da kogunan Haɗejiya da Jama'are bayan an kafa ta a 1976.

Rano: sau biyu ana ɗagawa, sau biyu ana saukewa

A nan ne maganar take da nauyi, kuma a nan za mu daɗe. Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, sarkinta ake wa kirari da Autan Bawo, kuma ruwayar gargajiya ta haɗa ta da Kano a matsayin sarakunan baba. Amma tun gabanin jihadi ta shiga inuwar Kano, bayan zuwan Turawa a 1903 kuma Sarkin Rano ya zauna cikin jerin hakiman En'e ta Kano. A 1981 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya sa ta cikin masarautun da ya ɗaga, a shekarar da rikicinsa da fadar Kano ya kai ga tarzomar 10 ga Yuli, wadda aka kashe Dokta Bala Muhammad a cikinta. Da Sabo Bakin Zuwo ya hau a 1983 sai ya warware abin da aka ƙulla. A watan Mayu 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta kafa masarautun Bici da Gaya da Karaye da Rano, aka ba Rano ƙananan hukumomi goma, har da Kibiya da Bunkure da Takai da Sumaila da Doguwa, aka miƙa wa Alhaji Tafida Abubakar Ila sanda mai daraja ta ɗaya. Kotu ta rushe dokar a watan Nuwamba, majalisa ta sake yin wata a Disamba. Ran 23 ga Mayu 2024 majalisar dokoki ta soke ta, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a wannan rana, sa'an nan a watan Yuli aka dawo da Rano a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku: Rano da Kibiya da Bunkure.

Ba nufina ba ne in yanke hukunci tsakanin masu ganin rarraba masarautar Kano keta alfarmar tarihi ne da masu ganin adalci ne ga ƙasashen da aka daɗe da dannewa, domin kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci saurare. Abin da ya dame ni shi ne, a cikin shekara arba'in da uku an ɗaga Rano sau biyu an sauke ta sau biyu, alhali ba a taɓa kafa akwati an tambayi mutumin Zinyau ra'ayinsa ba, ko a ranar bayarwa ko a ranar karɓewa. Dagacin da jiya ya kai gaisuwa wata fada, yau ya wayi gari takardarsa ta wata fadar ce. Rigimar gado ko ta iyakar gona da aka fara saurare a wani zaure, sai a ce a kai ta wani. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ƙaramar hukuma ma ba ta tsira daga wannan hali ba, ko da yake gyaran 1976 ya kira ta hawa na uku na gwamnati, kuma sashe na 7 na kundin 1999 ya lamunce mata zaɓaɓɓun shugabanni. Jadawali na huɗu ya ɗora mata kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da rajistar haihuwa da ƙananan hanyoyi, ya kuma sa ta cikin ɗawainiyar makarantun firamare da kiwon lafiya. Amma sashe na 162 ya ce kuɗinta su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Mu ɗauki kwalbati guda da ruwan Agusta ya cinye a hanyar ƙauye. Mai amalanken shanu ya tsaya da buhunan masara a wancan ƙetare, mai babur ya sauke mace mai naƙuda a riƙe ta a tsallaka da ƙafa. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa kansila, kansila ya kai wa ciyaman, ciyaman kuma, wanda doka ta ce aikinsa ne, ya rubuta takarda zuwa birni yana neman a sahale masa kuɗin da tun asali da sunan hukumarsa aka turo su. Kafin amsa ta dawo kaka ta yi, matasan gari sun cike ramin da buhunan yashi ta aikin gayya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan an raba shi da kuɗin jinka.

Hujjar masu son tsakiya

Wajibi ne a yi wa ɗaya ɓangaren adalci, domin kusancin hukuma ba kullum yake zama rahama ba. Dattawan da suka ga zamanin En'e suna tuna ɗan doka da bulalarsa, da kuɗin haraji da jangali da ake karɓa ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuma saboda wannan zalunci na kusa ne aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Lokacin da aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotunan alƙalai daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, talakawa da yawa sauƙi suka gani. Haka kuma soke haraji da jangali da Rimi ya yi a 1979 ya sauke wa talaka kaya mai nauyi, ko da yake, a fahimtata, ya bar ƙaramar hukuma ba ta da wata babbar hanyar samu ta kanta, hukumar da ba ta karɓa daga hannun jama'a kuwa ba ta cika jin tsoron tambayarsu ba.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda suka gaji tsarin bai-ɗaya daga Faransa, sun zaɓi majalisun gundumomi 265 a 2004, mutumin Maraɗi ya sami kansilolin da ya jefa wa ƙuri'a. Amma a 2024 mahukuntan soja suka rushe majalisun suka naɗa kantomomi. Tafwili ne, an karɓe shi kamar yadda aka bayar.

Hukuncin 2024 da abin da bai taɓa ba

Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, ta hukunta cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma. Wannan ya amsa tambayar baitulmali a takarda, amma bai taɓa tambayar wanda ke naɗawa ba, domin zaɓen ƙananan hukumomi yana hannun hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta. A zaɓen Janairu 2021 jam'iyyar APC, mai mulkin Kano a lokacin, ta lashe kujerun ciyaman 44 duka. A na Oktoba 2024 jam'iyyar NNPP, mai mulki a lokacin, ita ma ta lashe 44 duka. Ciyaman da ya san ba ƙuri'ar Zinyau ce ta kawo shi ba, ko an zuba masa kuɗin a asusunsa kai tsaye, fuskarsa birni za ta duba.

Saboda haka gyaran da nake ganin ya fi gaggawa ƙanƙane ne in an gwada shi da manyan maganganun sake fasalin ƙasa da ake yi a Abuja: a goge asusun haɗin gwiwa daga sashe na 162 domin nassin kundi ya dace da hukuncin kotu, a fitar da naɗin hukumar zaɓen jiha daga hannun gwamna shi kaɗai, a kuma shar'anta cewa ba za a kafa masarauta ko a rushe ta ba sai majalisun ƙananan hukumomin da abin ya shafa sun amince da rinjaye mai ƙarfi. Gyaran kundi yana buƙatar amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, kuma ta wannan ƙofa aka bi a 2023 aka ba jihohi dama a kan wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen yari.