Tumakin Uda: Asalinsu, siffarsu da kiwonsu a ƙasar Mai'adua

Uda jinsin tumaki ne na yankin Sahel, ɗaya daga cikin manyan jinsuna huɗu da masana kiwo suka sani a Najeriya. Sauran su ne 'Yanƙasa da Balami da gajerun tumakin kudu. Sunan yana da nasaba da Uda'en, wani reshe na Fulani da ya shahara da kiwon tumaki tsakanin arewacin Najeriya da Nijar da Chadi da arewacin Kamaru.

Uda ba ya ɓuya a cikin garke. Daga kai zuwa tsakiyar jiki baƙi ne ko ja, daga nan har wutsiya fari ne fat, kamar an raba shi da igiya. Yana da dogayen ƙafafu da manyan kunnuwa masu reto. Ƙahon rago yakan murɗe ya baje gefe da gefe, tunkiya kuwa galibi ba ta da ƙaho. Wannan ƙira ta dabbar tafiya ce: yana jure zafi da nisan mashaya da ƙarancin ciyawar bazara, amma danshi ba ya yi masa daɗi, shi ya sa ba ya yin kyau idan aka gangara da shi kudu.

Mai'adua, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tana bakin iyaka da Nijar, kuma kasuwarta ta ranar Lahadi na cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa. Ta nan tumaki da yawa ke shigowa daga ƙasar Damagaram, fatake su loda su zuwa Kano da Abuja da Legas. Dogaro da wannan hanya na da haɗari. An rufe iyakar a watan Agustan 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sannan a 2025 gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallah. Duk lokacin da haka ta faru, mai iri a gida ne ke da abin sayarwa.

A ƙaramin gida, kiwon Uda iri biyu ne. Akwai na turke, inda ake ɗaure rago 'yan watanni ana ba shi harawa da ƙowar wake da dusa da ɗan jiƙon kanwa har ya yi ƙiba, kuma mata ne suka fi riƙe da shi. Akwai kuma na haihuwa, wanda ya fi bukatar haƙuri. Tunkiya na ɗaukar ciki kimanin kwana 150, kuma Uda ta fi haifar ɗa guda. Dabbar da ta saba da tafiya ba ta son matsatsi, saboda haka tana bukatar fili da busasshiyar makwanta, musamman da damina, lokacin da tsutsar ciki da ciwon kofato ke yawaita. A rani, 'ya'yan gawo da ke zuba a gonaki abinci ne mai gina jiki da ba a saye da kuɗi.

Cutar da ta fi ɓarna ita ce PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da zawo. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana samar da allurar rigakafinta, kuma hukumar FAO na cikin masu neman kawar da ita daga duniya nan da 2030. Dabbar da aka sayo a kasuwa, a ware ta makonni kafin ta shiga garke.

Babbar barazana ga tsantsar Uda ita ce kasuwar layya. Ragon da ya fi girma da kyan launi shi ne ke fara tafiya, sau da yawa kafin ya bar baya, sai a bar tumaki da duk ragon da ya samu a unguwa. Barbara da Balami ko ragunan Sudan na iya ba da ɗa mai girma, amma bayan haihuwa biyu ko uku launin nan mai rabi da rabi yakan dagule. Cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya, na nazarin waɗannan jinsuna, sai dai yawancin irin yana hannun makiyaya da masu ƙananan garke. Mai son riƙe shi yakan ware rago ɗaya nagari da ba na sayarwa ba, ya riƙa musayarsa da na wani gida kafin ya fara hawan 'ya'yansa.