Albashi da Alƙalami a Tarihin Ƙagaggun Labaran Hausa

Ƙagaggen labari na boko, wato labarin da marubuci ya ƙirƙira ya rubuta shi cikin zube da haruffan boko, ya samo asali ne a ƙasar Hausa daga hannun mutanen da rubutu ba shi ne abincinsu ba. A shekarar 1933, lokacin da Rupert East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta labarai, malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati ya tunkara, domin su ne 'yan tsirarun da suka ƙware a rubutun boko. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda yake koyarwa a Midil ta Katsina yana ɗan shekara 22, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, malami a Midil ta Bauchi. Wanda ya san aikin malamin makarantar kwana, daga shiga aji da safe zuwa duba littattafan yara da kula da ɗakunan kwana, zai gane cewa ba a sami lokacin waɗannan littattafai a sarari ba, sai dai an yago shi daga dare da kwanakin hutu.

Haɗa aiki da rubutu ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa, tun da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa Infaƙul Maisuri yana cikin ɗawainiyar kafa daula, amma albashi ya zo da wani sharaɗi dabam, domin mai biya shi ke da ikon sa'o'in ma'aikaci. Makomar marubutan gasar ta nuna haka. Tafawa Ɓalewa bai sake fitar da wani ƙagaggen labari ba, saboda siyasa ta haɗiye shi har ya zama Firayim Minista a 1957. Imam kuwa ya dace, domin a 1936 an ɗauke masa nauyin aji aka kai shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku, sannan a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Duk da haka jarida ma ta ci rabonta, domin abin da ya rubuta daga baya ya fi karkata ga tarihi da addini da labarin tafiya, irin su Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Daga shekarun 1980, da adabin kasuwar Kano ya kunno kai, lamarin ya juya, aikin ya koma shi ke ciyar da rubutun. A wancan lokaci malamai da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da matan aure suna rubutu a littafin makaranta bayan an tashi aiki ko an sauke tukunya, su biya mai tafireta da maɗaba'a daga aljihunsu, sannan su kai wa masu sayar da littattafai. Wannan na cikin dalilan raba labari guda zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku, domin sau da yawa sai kuɗin na farko ya dawo ake iya buga na gaba.